Maɓalli Uku a Kan Robar Sabulu

Litinin, ƙarfe 4:20 na yamma

Malamar kimiyya ce ta raba mana wannan littafi, ta ce mu riƙa rubuta yadda aikinmu na gasa ke tafiya, da rana da lokaci. Ta ce abin da aka gwada da abin da aka gani kawai take so, ban da surutu. Zan yi ƙoƙari.

Aikin shi ne a ƙera na'ura biyu masu haɗi da juna daga nesa, waɗanda za su sa mutum ya gane yadda ɗan'uwansa ke ji a ransa. An ba kowace ƙungiya ƙananan allunan lantarki biyu, kowanne da gurbin layin waya. Ni da Aku aka haɗa. Aku ƙawata ce, bencinmu ɗaya tun aji ɗaya, kuma ba a banza aka laƙaba mata sunan ba. Ita so take mu yi wa kyanwa abin wuya mai nuna ko tana fushi. Na ce mata ina da wata shawara. Ta dafe ƙirji ta ce, "Ke? Da bakinki? Lallai yau za a yi ruwa."

Ban gaya mata dalili ba. Ranar Asabar za a tafi da Umma asibiti.

Laraba, ƙarfe 5:00 na yamma

Daga makaranta na wuce shagon Baba. Gyaran rediyo da wayar hannu yake yi, shagon kullum yana ƙanshin dalma da ƙura. Na nuna masa zanena. Akwati biyu, kowanne da madanni uku da ƙananan ƙwayayen fitila uku. Idan an danna a nan, can zai kama. Kore yana nufin lafiya lau. Rawaya, na gaji. Shuɗi, ina jin tsoro.

Ya daɗe yana kallon takardar ta saman tabarau. Ya ce, "Uku kacal? Zuciyar mutum guda?"

Na ce allon ba zai ɗauki fiye da haka ba. Ya ce to, ya ja durowa ya fara neman wayoyi.

Asibitin awa huɗu ne a mota, kuma ba a barin yara su shiga ɓangaren da za a kwantar da ita. Likita ya ce ta daina magana sam har sai an gama. Ba ta kuma son rubutu a waya, cewa take haruffan kamar tururuwa ne, kafin ta kama ɗaya sauran sun gudu. Wannan ba ya cikin aikin gasa, amma na riga na rubuta.

Juma'a, ƙarfe 7:15 na yamma

Ba mu samu akwati ba, sai muka yi da robar sabulu guda biyu masu murfi. Baba ya huda kowane murfi. Shi ya haɗa ta Umma. Ta gida na ce ni zan liƙa da hannuna, tunda aikina ne. Na kifa murfin, na bi zanena a hankali: wayar hagu kore, ta tsakiya rawaya, ta dama shuɗi. Sau biyu na ƙona yatsa.

Madannan duk baƙaƙe ne, ba a bambance su. Umma ta yafito ni, ta buɗe gwangwanin da take tara maɓallan riga, ta zaɓo kore biyu, rawaya biyu, shuɗi biyu, muka manna a kai. Shuɗayen na rigar makarantata ce ta firamare. Ban san ta ajiye su ba.

Sannan ta shafe keken ɗinkinta da mai, ta lulluɓe shi da zane. Akwai rigar wata mata da ba ta gama ba, allurai na jikinta. Ta ninke ta haka nan.

Asabar, ƙarfe 9:00 na safe

Mota ta zo da wuri, direba yana ta danna oda. Ba mu samu gwada komai da kyau ba. Na danna na tsakiya, rawaya ya kama a robar Umma, Baba ya ce ya yi, a tafi. Mun yi alkawari ƙarfe shida da rabi na safe da biyar na yamma, ni zan fara dannawa, ita ta amsa.

Auta ta yi kuka. Shekararta biyar, an yarda ta yi. Gwaggo, yayar Baba, ta zo da jakarta za ta zauna da mu. Tana shigowa ta ce ɗakin girkinmu kamar an yi yaƙi.

Na ɗaga wa motar hannu. Ban yi komai ba bayan haka.

Lahadi, ƙarfe 6:40 na safe

Na danna kore. Minti ɗaya, minti biyu, shiru. Sai ga ƙwan kore ya kama. Ya mutu, ya sake kamawa, ya mutu, ya sake, na ukun ya daɗe a kunne.

Yana aiki! Awa huɗu a mota, yana aiki! Auta ta sumbaci robar, na goge.

Litinin, ƙarfe 6:35 na safe

Na danna kore. Ta danno kore sau uku.

Talata, ƙarfe 6:10 na yamma

Baba ya dawo. Ya ce tana nan da sauƙi, ana ta gwaje-gwaje, akwai wata nas mai kirki da ke sa mata robar a caji. Na tambaye shi gwajin me. Ya ce na likitoci. Sai ya tsaya yana kallona kamar rediyon da aka kawo masa bai gano inda ya lalace ba.

Ya ce, "Kina cin abinci kuwa?"

Na ce ina ci.

"Barci fa?"

Na ce lafiya lau.

Ya ciro ɗankwalin Umma daga jaka, mai ɗigo-ɗigon nan, ya ce ta ce a ba ni in sa ƙarƙashin matashi. Ni fa, ba Auta ba. Auta ta ce ba a yi adalci ba, na ba ta aro har zuwa magariba.

Laraba, ƙarfe 4:00 na yamma

Na dawo na tarar an taɓa robata. Na san yadda nake ajiye ta a kan taga, maɓallan suna kallon ɗaki. Gwaggo ta ce, "Ubanki ne ya buɗe ta da safe, ya leƙa, ya mayar. Ni me zan yi da sabulun da ba ya kumfa?" Na tambayi Baba ko wani abu ya samu. Ya ce batir ya duba.

Kore. Kore sau uku.

Juma'a, ƙarfe 2:30 na rana

Yau a aji Malama ta tambayi kowace ƙungiya inda ta kai. Aku ta miƙe ta yi bayanin namu kamar ita ta ƙirƙiro lantarki. Malama ta ce, "To ke fa, mai shirun? Wane sakamako kika samu?" Na ce kwana shida, duk kore. Ta ce, "Duk? Ashe ko dai mutanenki sun fi kowa jin daɗi a duniya, ko kuma ba ki buƙatar sauran madannan biyu." Aka yi dariya. Ba da mugunta ta faɗa ba, ba ta san inda ɗaya robar take ba. Aku kaɗai ta sani yanzu. Ta matse mini hannu ta ƙarƙashin benci, kuma abin mamaki, ba ta ce uffan ba.

Na yi ta tunanin maganar a hanya. A gidanmu ko mutum ya faɗi ya fasa goshi, aka ce yaya, lafiya lau zai ce. Na taɓa ganin allurar keke ta shige yatsan Umma, maƙwabciya ta leƙo ta ce ina gajiya, Umma ta ɓoye hannun a baya ta ce babu gajiya. To koren da take danno mini, nata ne ko na gidanmu ne?

Ban san yadda ake auna wannan ba.

Asabar, ƙarfe 11:00 na safe

Baba ya koma asibiti. Mai rigar nan ta zo tambaya. Gwaggo ta sallame ta daga bakin ƙofa, ta ce mai ɗinkin ta yi tafiya. Na ji matar ta rage murya ta ce, "An ce a maƙogwaro ne ko?" Gwaggo ta ce, "An ce, an ce. Wa ya ce? Ki gaida gida."

Na share tsakar gida sau biyu. Ɗakin ɗinki ban shiga ba, ba shi da datti.

Gwaggo ta canza. Da can injiniyar sabulu take kirana, ta ce ko ƙwai ban iya soyawa ba. Yau ta zaunar da ni ta tsefe mini kai, ta yi mini kitso ba ta ja da ƙarfi ba, tana cewa, "Ke dai komai naki a ciki, kamar ubanki. Yana yaro sai da ya yi kwana uku da ƙaya a ƙafa, ɗingishi ne ya tona shi." Na ce ni ba abin da ke damuna. Ta ce, "Na ji. Juyo da kan."

Lahadi, ƙarfe 5:05 na yamma

Kore. Kore sau uku.

Litinin, ƙarfe 6:30 na yamma

Baba ya dawo da 'yar takarda, an yago ta daga jikin kwalin magani. Rubutun Umma ne, manyan haruffa suna gangarawa ƙasa: KADA KI JI TSORO YARINYATA.

Ban gane ba. Kwana tara ina gaya mata lafiya lau, safe da yamma, ban tsallake ko sau ɗaya ba. Na tambayi Baba ko ta manta ma'anar launukan. Ya ce ba ta manta ba. Na ce to me ya sa? Ya ce uwa ce, ya tashi wai zai duba mitar wuta. Mitar wutarmu ba abin da ya same ta.

Na sa takardar cikin ɗankwalin.

Talata, ƙarfe 6:35 na safe

Kore. Nata ya yi jinkiri, amma ya zo.

Laraba, ƙarfe 7:40 na yamma

Shuɗi.

Ƙarfe biyar na danna kore kamar kullum. Aka daɗe. Sai ƙwan dama ya kama, wanda bai taɓa kamawa ba tun da aka haɗa shi. Sau ɗaya, ya daɗe a kunne. Auta ta ce, "Kai, sabon launi! Ya fi kyau." Ba ta san ma'anarsa ba, ban gaya mata ba.

Na ɗauki robar na fita ba takalmi. Ban san na iya gudu haka ba. Baba yana tsakiyar gyaran wata rediyo, na ajiye robar a kan teburinsa. Ya dubi fuskata ya gane. Ya ce wa mai rediyon ya dawo gobe.

Ya ce jibi za a yi aikin, ranar Juma'a. Yau da rana likitoci suka gaya mata. Ya ce da niyyar gaya mini yake, yana neman ta inda zai fara.

Na jawo robar na fara danna kore. Ina so ta ga muna lafiya, kada ta damu da mu, ta ji da kanta. Na danna, na danna, ban ƙirga ba. Baba ya kama hannuna da sauri ya ce, "Bari! Ya isa haka." Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Sai ya sassauta ya ce, "Za ki cinye batir." Ya ba ni silifas ɗinsa na shago na dawo da su, shi ya biyo ni da safa.

Alhamis, ƙarfe 12:50 na rana, lokacin hutu

Yau ranar duba aiki ce, na zo da robar. Malama ta kwance murfin, ta bi wayoyin da kan biro. Ta tsaya. Ta ce, "Lokacin da kike liƙawa, murfin a kife yake?" Na ce e. Ta ɗaga tafin hannunta ta ce in nuna mata inda babban yatsa yake. Na ce hagu. Ta juya hannun ta ce, yanzu fa?

Abin da ke hagu ta gaba, dama ne ta baya. Na bi zanen ina kallon bayan murfi. Na tsakiya kaɗai ya faɗa daidai, kuma shi kaɗai muka gwada ranar tafiya. Duk lokacin da na danna kore, shuɗi ke kamawa a wurin Umma.

Kwana goma sha biyu, safe da yamma. Da na jiya.

Malama ta ce ƙaramin kuskure ne, kowa yana yi, in gyara kafin Litinin ko a rage mana maki. Na ce to. Na nemi izinin fita. Aku ta biyo ni bayan aji ta tsaya ta ba ni baya, duk wanda ya nufo mu sai ta ce, "Me kake kallo? Ƙwaro ne ya faɗa mata a ido."

Alhamis, ƙarfe 4:45 na yamma

Na samu Baba yana rufe shago, jakarsa a ƙasa, zai bi motar ƙarfe huɗu. Na ce, "Baba, ka sani." Ban taɓa yi masa magana haka ba, ko gaisuwa ban yi ba.

Ya mayar da kwaɗon aljihu, ya buɗe ƙofar, muka zauna a kan benci.

Ya ce yana zaune kusa da gadon Umma ranar Lahadin farko shuɗi ya kama. Ya zaci da gaske ne. Da ya dawo ya tambaye ni na ce lafiya lau, sai ya yi shakka, ya buɗe robar ya ga wayoyin.

Na ce, "Me ya sa ba ka gyara ba? Minti biyu ne a wurinka."

Ya ce, "Har na kunna ƙarfen dalma." Ya ciro walat, ya zaro wata takarda ya miƙo mini. Ta rubuta masa ita ne a ranar farkon. YARINYAR NAN TUN DA NA HAIFE TA BA TA TAƁA GAYA MINI ABIN DA KE DAMUNTA BA SAI YAU. NA GODE ALLAH.

Ya ce, "Ranar ta ci abinci. Kullum tun kafin lokaci take tashi zaune, ta ɗora robar a cinya, wai tana da aiki, za ta rarrashi 'yarta. To in gyara in ce mata me? Kuma na dube ki da kyau, ban ga inda wayar ta yi miki ƙarya ba."

Na ce jiya fa, da na danna sau ba adadi? Ya ce ya kira nas tun a daren, ta ce Umma ta rungume robar ne kawai. Ya ce shuɗin da ta danno ba don ta tayar mini da hankali ba ne. Ta ga kullum ina gaya mata gaskiya, ta ji kunyar ta ci gaba da ɓoye mini tata.

Ni da ban gaya mata gaskiyar ba ko sau ɗaya.

Ya nuna mini ƙarfen ya ce in ina so in gyara da kaina, ga makulli. Na ce a bar ta. Na san yatsana, kore zai nufa ko me ake ciki, ya riga ya saba. In na gyara, na koma gidan jiya.

Na yagi takarda daga wannan littafi, Malama ta yi haƙuri, na rubuta da manyan haruffa: UMMA, KUSKUREN WAYA NE, BABA ZAI YI MIKI BAYANI. AMMA GASKIYA NE. Ya sa a walat tare da waccan. Motar huɗu ta wuce shi, zai bi ta biyar.

Juma'a, ƙarfe 6:30 na safe

Na danna kore. Yau na san abin da na ce.

Ta danno shuɗi sau ɗaya, sannan kore sau ɗaya. Na fahimta.

Juma'a, ƙarfe 5:00 na yamma

Na danna. Ba amsa. Baba ya kira Gwaggo ya ce an fito, ba ta farka ba tukuna.

Asabar, ƙarfe 6:30 na safe

Ba amsa.

Asabar, ƙarfe 5:20 na yamma

Ba amsa. Baba ya ce ta buɗe ido ta mayar. Gwaggo ta wanke labulen da ta wanke shekaranjiya. Auta ta tambaye ni ko robar ta mutu, na ce barci take. Na shiga ɗakin ɗinki na zauna a kujerar keke. Ƙanshin man yana nan. Gwaggo ta leƙo ta gan ni, ta ce, "Yaya?" Na buɗe baki zan ce lafiya lau, sai na ji na ce, "Gwaggo, tsoro nake ji." Ta ce, "Ni ma, 'yar nan. Matsa mini." Kujerar ba ta ɗaukar mutum biyu, amma ta ɗauka.

Lahadi, ƙarfe 5:10 na yamma

Rawaya! Ɗan gajere, kamar ƙiftawar ido, amma ni da Auta duk mun gani. Ta gaji. Umma ta ce ta gaji! Ban taɓa jin daɗin gajiyar wani haka ba. Gwaggo ta ce a ba robar nan sabulu, ta ci ladanta.

Litinin, ƙarfe 2:15 na rana

Na gaya wa Malama ban gyara ba kuma ba zan gyara ba. A gaban aji na faɗa. Ta ce in zo ofis. Can na yi mata bayani duka, ni da kaina, Aku tana gefe tana cije leɓe don kada ta sa baki. Malama ta ce makin wayoyi dole ta rage, doka ce. Sannan ta ce in kawo mata littafin nan ta karanta in na yarda. Na ce akwai surutu a ciki. Ta ce ta janye waccan dokar.

Talata, ƙarfe 6:50 na safe

Yau ba ta jira ni ba, ita ta fara. Ina ɗaura takalmi Auta ta ƙwala ihu daga taga. Kore ne, sau ɗaya, mai tsawo. Ba ukun rarrashi ba. Nan da nan wayar Gwaggo ta yi ƙara, Baba ne, ya ce ta sha shayi da kanta, likita ya ce abin ya yi kyau, muryar sai a hankali. Ya ce ta sa shi ya tambaya ko an taɓa mata rigar matar nan, kada a cire alluran.

Na ɗauki robar. Yatsana ya nufi kore, na janye shi. Na kai shi kan maɓallin dama, na rigata ta firamare, wanda ban taɓa dannawa ba. Yana da ɗan tauri. Can wurin Umma kore zai kama.

Auta ta ce, "Gwaggo, Yaya ta danna na tsoro!" Ashe ta daɗe da sanin ma'anarsa.

Gwaggo ta ce, "Rabu da ita, ta san abin da take yi."

Na riƙe shi ban saki ba har aka fara buga mini ƙofa, Aku ce, wai mun makara.